Ta wace hanya ake shiga Narnia? Amsa kan hasashen masu karatu

"Assalamu alaikum Malam. Na gama karanta littattafan Narnia guda bakwai, sai na shiga bibiyar abin da sauran masu karatu ke cewa a kansu. Wasu sun ce duk hanyoyin shiga Narnia ta Dajin nan na Tsakanin Duniyoyi suke bi, har da kabad ɗin tufafin. Wasu sun ce akwai lissafin da zai nuna shekara ɗaya ta Ingila shekara nawa ce a Narnia. Wasu ma cewa suke yi yaran mafarki kawai suka yi. Wanne ne mai tushe a ciki? Ni ma ina rubuta labari mai duniya biyu, ina so in gane yadda ake ɗaure irin wannan zare." Wata mai karatu daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Idan na fahimce ki daidai, abin da kike son sani shi ne ko akwai ƙa'ida guda da ke tafiyar da ƙetarawa daga wannan duniya zuwa Narnia, duniyar sihirin da ke cikin littattafan, wadda marubucin ya ɓoye ya bar wa masu karatu su tono. Hasashen nan uku da kika kawo duk ƙoƙarin gano wannan ƙa'ida ne. Ra'ayina shi ne akwai ƙa'ida, amma ba irin wadda ake nema ba ce. Masu hasashe suna neman na'ura mai aiki iri ɗaya kullum, alhali littattafan a kan kira aka gina su: daga can ciki ake buɗe ƙofar, kuma mai buɗewar ne ke zaɓar lokaci da wuri.

Kafin a shiga hasashe ɗaya bayan ɗaya, ya kamata ki riƙe yadda aka rubuta littattafan, domin rabin rikicin daga nan ya taso. C.S. Lewis, malamin adabi a jami'ar Oxford wanda daga baya ya koma Cambridge, ya fitar da su ne ɗaya a kowace shekara daga 1950 zuwa 1956. Na farko da ya fito shi ne na kabad, The Lion, the Witch and the Wardrobe. Wanda ke ba da labarin asalin Narnia da zobban sihiri masu ƙetarar da mutum da Dajin Tsakani kuwa, The Magician's Nephew, sai a 1955 ya fito, shi ne na shida. A wata wasiƙa da ya rubuta wa wani yaro Ba'amurke a 1957, Lewis ya faɗa da bakinsa cewa lokacin da ya rubuta na farko bai san zai rubuta wani ba, da ya rubuta na biyu ma bai zaci za a yi na uku ba. Yanzu kamfanonin ɗab'i suna jera littattafan bisa tarihin cikin labarin, na 1955 ya zama lamba ɗaya. Wanda ya fara da shi sai ya ɗauka Dajin Tsakani shi ne ginshiƙin da aka fara kafawa, sauran aka ɗora a kai. A zahiri kabad ya riga Dajin fitowa da shekara biyar.

Hasashen Dajin Tsakani

Wannan ne mafi jan hankali a cikin ukun, kuma na fahimci dalilin da ya sa ake son sa. Dajin wuri ne mai tsit, bishiyoyi a cunkushe, haske kore yana saukowa ta cikin ganye, ga ƙananan tafkuna barkatai, kowanne mashiga ce ta wata duniya daban. Kamar babbar tashar mota yake, ba gidan kowa ba ne amma daga nan ake kama hanyar ko'ina. Wanda ya ga haka dole zuciyarsa ta ce masa ai duk wata ƙetarawa ta nan take ratsawa, ko da matafiyin bai lura ba.

Matsalar ita ce littafin ya bayyana yadda ratsa Dajin yake, kuma ba abu ne da mutum zai yi bai sani ba. Wanda ya taɓa zobe mai ruwan ɗorawa ji yake kamar yana tasowa daga ƙarƙashin ruwa, ya fito ta tafki, kasala ta rufe shi har ya kusa manta sunansa. Kafin ya fita sai ya sauya zobe, ya sa kore, ya zaɓi tafki ya yi tsalle a ciki. Ki gwada wannan da shigar farko ta Lucy, ƙaramar cikin yara huɗu 'yan gida ɗaya na littafin kabad. Ta buɗe kabad, ta shiga cikin rigunan sanyi masu gashi tana goga fuskarta a jikinsu, ta miƙa hannu gaba don kada ta yi karo da katakon baya. Ta ji wani abu yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafarta, ta zaci kafur ne, ta sunkuya ta taɓa sai ta ji laushi da sanyi. Abin da ke gogar fuskarta ya daina zama gashi ya koma rassan bishiya masu tsini. Da ta waiga, tana hango ƙofar kabad ɗin a buɗe da hasken ɗakin da ta baro. Babu wani zango a tsakani, duniyoyin biyu a manne suke da juna a wannan wurin.

Sauran hanyoyin ma haka. A littafi na biyu yaran na zaune a tashar jirgin ƙasa aka fizge su, saboda Yarima Caspian ya busa ƙahon sihirin Susan, yayar Lucy, a can Narnia. A na uku zanen jirgin ruwa ne a bangon ɗaki a Cambridge ya fara motsi, ruwan teku ya fantsamo musu, suka faɗa ciki. A na huɗu ƙofa ce a katangar makaranta wadda kullum a kulle take, ranar aka same ta a buɗe, kuma ba ma Narnia ta kai Eustace da Jill ba, kan dutsen ƙasar Aslan, zakin da ya halicci Narnia, ta kai su, shi ya hura su zuwa Narnia da numfashinsa. Kakannin mutanen Telmar, waɗanda suka mamaye Narnia daga baya, 'yan fashin teku ne daga duniyarmu da suka shige wani kogo a wani tsibiri suka tsinci kansu a can. Matar wani mai keken doki, wadda ta zama Sarauniya Helen ta farko a Narnia, da sauti guda Aslan ya kirawo ta daga Landan, ta bayyana da kumfar sabulu a hannunta don ranar wanki ce. Ba ɗaya daga cikinsu da ya ga tafki.

Abin da ya fi rusa hasashen a wajena shi ne ƙarshen littafi na biyu. Aslan ya sa an kafa sanduna biyu, aka gitta ta uku a sama, ta zama ƙofa a tsakiyar fili. Mutanen Telmar da suka bi ta cikinta suka fita a tsibirin kakanninsu. Yaran nan huɗu suka bi ta wannan ƙofar dai, a layi ɗaya da su, suka fita a dandamalin tashar jirgin ƙasa a Ingila. Ƙofa ɗaya, lokaci ɗaya, masauki biyu. Da a ce ƙofar ce ke da ikon inda za ta kai mutum, hakan ba zai yiwu ba.

Akwai wani reshe na wannan hasashen da ya fi ƙarfi, kuma ya cancanci a saurare shi. Digory, jarumin littafin 1955, ya binne zobban ne kewaye da wurin da ya shuka ƙwallon tuffar da ya kawo daga Narnia. Bishiyar ta girma, guguwa ta kayar da ita, ya sa aka sassaƙa kabad da katakonta. Sai masu hasashe suka ce saiwar bishiyar ta tsotsi sihirin zobban, shi ya sa kabad ɗin ke ƙetarar da mutane. Tunani ne mai kyau, sai dai littafin ya ba da wani dalilin daban. Ya ce bishiyar ba ta taɓa mantawa da uwarta da ke Narnia ba, har wani lokaci takan kaɗa a Landan babu iska, saboda ana iska a can. Sannan ki duba inda kabad ɗin ke fitar da mutum: kusa da sandar fitilar nan ta cikin daji, wato yankin da aka shuka uwar bishiyar tun farkon Narnia. Da zobba ne ke aiki, Daji za su kai mutum, domin abin da ke cikin zobe mai ruwan ɗorawa gida yake son komawa, Dajin kuma shi ne gidansa. Don haka idan za a riƙe wani hasashe game da kabad, wanda na yarda da shi shi ne cewa katakon yana ja zuwa ga asalinsa. Wannan yana da shaida biyu a cikin nassi. Amma ko shi bai bayyana dalilin da ya sa kabad ɗin ya buɗe wa Lucy, bayan 'yan daƙiƙu kuma 'yan'uwanta suka ƙwanƙwasa bayansa suka ji katako ba.

Lissafin lokaci

Nan ne na fi ganin ɗalibai suna ɓata ƙarfinsu, musamman masu ƙwaƙwalwar lissafi. Abin da nakan yi idan muna nazarin littattafan shi ne in raba allo gida biyu, Ingila a dama, Narnia a hagu, in ce su cike da kansu. Akwai jadawalin shekaru da Walter Hooper, wanda ya kula da rubuce-rubucen Lewis bayan rasuwarsa a 1963, ya wallafa a 1979 yana cewa daga hannun Lewis ya fito. Wasu manazarta sun yi tababa a kan asalinsa, amma ko a karɓe shi yadda yake, ga abin da yake nunawa. An halicci Narnia a 1900 ta Ingila. Yaran sun shiga ta kabad a 1940, lokacin Narnia na shekara ta 1000, wato kowace shekarar Ingila ta ci 25. Sun fito a shekara ta 1015, suka koma a 1941 suka tarar ana 2303, shekara ɗaya ta ci kusan 1,300. Shekarar da ta biyo baya kuwa uku kacal ta ci. Bayan 'yan watanni Eustace ya koma ya tarar Caspian, wanda ya bari saurayi, ya tsufa tukuf. Jadawalin ya ce shekara 50 ne suka wuce, shi kuwa Eustace a cikin littafin kusan 70 ya ambata.

Da zarar an cike allon, akan samu ɗalibin da zai ce to wataƙila lokacin Narnia gudu yake yi yana raguwa, ya fara zana lanƙwasasshen layi. Sai in tambaye shi kwana nawa ne tsakanin shigar Lucy ta farko da ta biyu. 'Yan kwanaki ne. Idan shekara ɗaya na cin 1,300, kwana ɗaya zai ci kusan shekara uku da rabi, amma Lucy ta koma ta tarar da Tumnus, wanda ya karɓe ta a zuwan farko, a gidansa yana ba ta labarin cewa Matsafiyar da ke mulkin Narnia ba ta gano komai ba tukuna, kamar jiya suka rabu. Sannan in buɗe masa littafin ƙarshe. Sarki Tirian, yana ɗaure a jikin bishiya, ya bayyana kamar fatalwa ga abokan Narnia suna cin abincin dare a Ingila. Da Jill ta iso wurinsa ta ce masa kusan mako guda ke nan da suka gan shi. Ya ce ai bai fi minti goma ba. A nan agogon Ingila ne ya fi gudu. Babu wani layi, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe, da zai ɗauki wannan tare da sauran.

Abin da ke tsaye ba ya canjawa a duk littattafan abu biyu ne. Wanda ya shiga Narnia, komai daɗewarsa, idan ya dawo zai tarar lokacin duniyarsa bai motsa ba. Na biyu kuma, kullum yaran suna isa ne daidai lokacin da ake buƙatarsu: ƙarshen sanyin shekara ɗari, ranar da rundunar Caspian ke gab da karyewa, ranar da tsohon sarki ke shiga jirgi ba shi da magaji. Agogon da ke tsayawa kullum a kan buƙata, akwai mai riƙe da shi.

Batun mafarki

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Ana cewa yara ne da aka kwashe daga Landan saboda ruwan bama-baman yaƙin duniya na biyu, kewa da tsoro suka sa suka ƙirƙiri duniyar da suke sarauta a cikinta. A matsayin fassarar halin da yaran ke ciki akwai gaskiya a nan. A matsayin bayanin abin da ya faru a labarin kuwa ba ya tsayuwa, saboda zirga-zirgar ba ta gefe ɗaya ba ce. Jadis, wato Matsafiyar, ta shigo Landan tsakar rana, ta yi fashi a shagon kayan ado, ta fizge ƙarfe daga sandar fitilar titi ta bugi ɗan sanda da shi a gaban taron jama'a. Tuffar da Digory ya kawo ta warkar da mahaifiyarsa har likita ya yi mamaki. Caspian ma ya shigo Ingila na minti biyar. Irin wannan hasashe na "ashe duk mafarki ne" ana iya manna shi a kan kowane labari a duniya, shi ya sa ba ya gaya mana komai game da wannan labarin.

Akwai kuma masu cewa ɗaya daga cikin tafkunan Dajin yana kaiwa duniyar da Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya ƙirƙira. Madogararsu ba banza ba ce: mutanen biyu abokai ne a Oxford, akwatin da ƙurar zobban ta fito daga ciki na Atlantis ne, tsibirin almara da aka ce teku ya haɗiye, tsibirin Númenor na labaran Tolkien shi ne nasa Atlantis ɗin, kuma Lewis ya ambaci sunansa a wani littafinsa na manya na 1945. Wasa ne mai daɗi, amma babu jimla ko ɗaya a cikin littattafai bakwai ɗin da ta goyi bayansa, shi Tolkien ɗin ma sanannen abu ne cewa Narnia ba ta burge shi ba.

Abin da littattafan suka faɗa da kansu

A littafi na huɗu Jill ta gaya wa Aslan cewa ba wanda ya kira su, su ne suka roƙi a kawo su. Ya amsa mata da cewa da ba ya kiran su, da ba su kira shi ba. A ƙarshen na farko, tsohon Farfesa, wanda shi ne Digory bayan ya manyanta, ya gargaɗi yaran kada su nemi komawa ta hanyar da suka bi, kada ma su nemi komawar, za ta zo ne lokacin da ba sa nema. Hanya ɗaya ce tak a duk jerin take aiki kamar na'ura, duk wanda ya taɓa ya tafi, wato zobban. Ki lura da wanda ya ƙera su: Kawu Andrew, kawun Digory, matsoraci mai son iko, wanda ya saɓa alkawarin ƙona akwatin da aka ba shi amana, ya fara gwaji da ɓerayen masar, sannan ya yaudari yarinyar maƙwabta ta taɓa zobe don shi ba zai iya zuwa da kansa ba. Shi kansa bai fahimci yadda suke aiki ba, ya zaci kore na komawa gida ne. Ta hanyarsu mugunta ta shiga Narnia tun ranar haihuwarta, aka kuma umarci yaran su binne su. A littafin ƙarshe Peter da Edmund, yayyen Lucy, sun sa kayan leburori sun je sun tono su, amma hatsarin jirgin ƙasa ya riga su, ba a taɓa amfani da zobban ba. Marubucin ya ajiye na'urar a hannun jarumansa, sannan ya hana su aiki da ita. Ba na jin hakan kuskure ne.

Dalilin a bayyane yake, kuma ya kamata mai karatu a wajenmu ya san shi. Lewis Kirista ne mai rubuce-rubucen kare addininsa, ya kuma bayyana a wasiƙunsa cewa Aslan amsa ce ga wani zato: in da akwai duniya irin Narnia, a wace siffa Almasihu zai bayyana a cikinta bisa aƙidar Kirista. Mutumin da ya gina labari a kan wannan ba zai bari a shiga wurin da dabara ko da kayan aiki ba. Ba sai kin yarda da aƙidarsa ba kafin ki ga cewa ita ce ke riƙe da ƙofofin.

Duk da haka kada ki ɗauka komai ya ɗauru. Kogon mutanen Telmar bai zauna daidai a cikin bayanina ba. Aslan ya ce a zamanin da akwai tsagogi da yawa tsakanin duniyoyi, sun yi ta raguwa, wannan yana cikin na ƙarshe amma bai ce shi ne na ƙarshe ba. Wannan magana tana nuna akwai mashigai da suke nan kawai, mutum ya faɗa ciki ba tare da an kira shi ba, kuma 'yan fashin nan da suka kashe mutanen tsibiri ba su yi kama da waɗanda aka gayyata ba. Mai son kare ra'ayin kira zai ce daga zuriyarsu Caspian ya fito, don haka faɗawarsu ma cikin shiri take. Zai yiwu, amma littafin bai faɗi haka ba, kuma hujjar da ke iya haɗiye kowane misali ni ma ina taka-tsantsan da ita. Haka asalin Jadis: a littafin 1950 an ce jinin aljanu da ƙattai ce ta tsatson Lilith, wadda littafin ya kira matar Adamu ta farko, a na 1955 kuma sarauniyar Charn ce, wata duniyar daban. Masu hasashe sun yi ta ƙoƙarin ɗinke su. Ni a ganina mutum ne ya rubuta abu, bayan shekara biyar ya samu tunanin da ya fi masa.

Game da naki labarin

A rubuce-rubucen matasa da nake dubawa, masu duniyar mutane da ta aljanu ko wata masarautar ɓoye, aibin da ya fi yawa shi ne marubuci ya fara da ƙofa mai ƙa'ida, a ce sai an mallaki wani zobe ko sai daren sha huɗu ga wata, sannan a tsakiyar labari jaruma ta shiga matsala sai kawai ta ƙetare babu zobe babu wata. Mai karatu yana jin an cuce shi, kuma da gaskiyarsa. Lewis ya tsira daga wannan ne saboda tun farko bai yi wa kowa alkawarin ƙa'ida ba, ya nuna akwai mai ƙofa, kuma mai ƙofar yana da hali tsayayye da za a iya gane shi. Philip Pullman, wani marubucin Ingila, ya bi ɗaya hanyar a nasa jerin littattafan, His Dark Materials: wuƙa ce ke yanka taga tsakanin duniyoyi, mai riƙe da ita yana buɗewa inda ya so, amma kowace taga tana haifar da wata halitta mai cin ruhin manya, kuma mutum ba ya daɗewa da lafiya a duniyar da ba tasa ba. Ya riƙe wannan farashi har ƙarshe, ko da ya raba jarumansa biyu da ke son juna.

Saboda haka kafin ki ci gaba, ki yanke shawara ko ƙofarki mai ƙa'ida ce ko mai mamallaki. Idan mai ƙa'ida ce, ki rubuta ƙa'idar a takarda daban tare da abin da ƙetarawa ke ci wa mutum, ki ajiye kusa da ke. Idan mai mamallaki ce, ki san abin da yake so da dalilin da zai sa ya ƙi buɗewa, ki kuma nuna ya ƙi ɗin aƙalla sau ɗaya tun a farkon labari, kamar ranar da Peter ya ƙwanƙwasa bayan kabad. Sannan ki yi wa kanki jadawalin nan na gida biyu tun yanzu, duk lokacin da wani ya ƙetare ki rubuta ranar a ɓangarorin biyu. Masu karatunki za su yi wannan lissafin ko ke ba ki yi ba, musamman idan kina sakin labarin shafi-shafi, inda abin da ya riga ya fita ba ya gyaruwa. Idan kin kai babi na biyar ki turo min da jadawalin tare da babin, mu duba tare.